Geron Goggo a Kan Kebul Ɗin Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Safiya. Na san masu bin shafina za su karanta wannan, kuma ka san ni da kunya, amma yau na daure. Labari gare ni, kuma kai ne za ka fi kowa jin daɗinsa.

Baba, na gyara kwamfutarka. Da hannuna.

Jiya ce rana ta ƙarshe ta cike fom ɗin makarantar koyon aikin jinya, ƙarfe huɗu za a rufe. Ba sakaci na yi ba, takardar shaidar ƙaramar hukuma ce ba ta fito ba sai shekaranjiya. Hotona da sauran takarduna duk suna cikin kwamfutar. Bayan Azahar na kunna ta, sai ga jar alama a kusurwar allo, can ƙasa ta dama. Babu intanet. Mai shagon kwamfuta na bakin tasha ya yi tafiya, Inna kuwa ta ce kada ma in kawo mata maganar zuwa Katsina. Ba za ta sa 'yarta a hanyar nan da yamma ba, ko da fom ɗin zama gwamna ne.

A littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, waɗanda ka sha gani kana yi kamar ba ka gani ba, daidai nan ne wani injiniya mai farar shadda zai yi sallama a ƙofar gida. Wallahi har na ɗan saurara. Akuyar Inna ce kawai ta yi kuka.

Sai na tuna ranakun Asabar, in ka dawo Batsari daga makarantarku ta Safana, ka zaunar da ni kan kujera 'yar tsugune kusa da kai. Kakan ce, "Na'ura ba ta fushi da kowa, Safiya. Fara da abin da hannunki zai iya taɓawa."

Na fara da wayar Inna. Ta kama intanet ɗin gidan lafiya lau, sai dai shafin makarantar ya ƙi buɗuwa a cikinta. Duk da haka ta gaya mini abu biyu: data bai ƙare ba, kuma akwatin nan da kake ce wa rauta yana aiki. Na kashe kwamfutar na sake kunnawa, jar alamar tana nan. Na leƙa bayanta, inda shuɗin kebul yake shiga. 'Yar fitilar da ka ce in tana ƙiftawa to suna gaisawa da rauta, a mace take. Na zare kan kebul ɗin, na hura, na mayar har ya ce ƙas. Shiru.

To, kwamfuta lafiya, rauta lafiya. Saura abin da ke tsakaninsu. Na ɗora hannu a kan kebul na bi shi: ta tagar ɗakinka, ya bi jikin katanga, ya ratsa ƙarƙashin rumfa, ya nufi saman zaure inda ka rataye rautar don can kaɗai sabis yake da ƙarfi.

A ƙarƙashin rumfa na tsaya.

Baba, Goggo Hajara, yayarka, tana wurinmu mako biyu ke nan, tun harin da aka kai ƙauyensu na Ruma. Da ƙunshin zannuwa ta zo, sai zangarnun gero na iri da ta goyo a baya. Su na gani a rataye kan kebul ɗinka, an ɗaure su bibbiyu, ya lanƙwashe kamar baka. Nauyinsu ya janyo kan kebul ɗin daga jikin rauta, har ɗan harshen robar da ke riƙe shi ya karye.

Gano matsala bai ba ni wuya ba. Faɗa wa Goggo ne aikin. Tun zuwanta ban taɓa haɗa jimla uku da ita ba bayan gaisuwa. Na kalli Inna, ta ce ba da ita ba, ba ta shiga tsakanin yayar miji da geronta. Ƙarfe uku ta riga ta wuce.

Na je na durƙusa na gaishe ta kamar yanzu gari ya waye. Ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar Malam, wannan gaisuwa ta biyu da magana a cikinta." Na yi bayani, kaina a ƙasa, amma ban tsallake komai ba.

Ashe ita igiya ta ɗauke shi. Ta ce ta zagaye gidan nan kaf, ba ta ga wadda ɓera ba zai iya hawa ba sai wannan shuɗiyar mai santsi, har ta yi maka addu'a da ka iya zaɓen igiya. Sannan ta daina dariya. Ta ce irin nan na gonar mahaifinku ne, tun ba a haife ka ba ake shuka shi, ba a taɓa sayo wani a kasuwa ba. In ɓera ya ci, shi ke nan. Ba za ta sauke ba sai ta ga inda za ta mayar.

Ban yi mata musu ba, Baba, gaskiya gare ta. Na ruga ɗakinka na buɗe kwalin da ban taɓa ba tun rasuwarka. A ciki akwai tsohon kebul ɗin da ka cire don ya lalace. Na ɗaure shi tsakanin ginshiƙan rumfa. Goggo ta murza shi, ta gwada da farce, ta ce shi ma zai yi. Tare muka kwashe zangarnun, tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya kamar jarirai.

Na taka turmi na tura kan kebul cikin rauta, na naɗe shi da roba tunda harshen ya karye. Da na koma bayan kwamfutar, 'yar fitilar tana ƙiftawa. Huɗu saura kwata shafin ya ce an karɓi fom ɗina. Goggo tana tsaye a bayana. Ba ta san me aka rubuta ba, fuskata ta karanta, ta yi guɗa.

A wajen da aka ce in rubuta sunan uba, na daɗe ina kallon allon kafin in danna. Ban yi kuka ba sai da na gama. Ina kewarka, Babana.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koya mana ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Ya ba ni gurbin nan in alheri ne. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Goggo ta koma ta shuka geron babanku da daminar bana. Amin.

'Yarka mai yi maka addu'a kullum,
Safiya