Ka Bari Sai Kaka

Zuwa ga Yaya Sabo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina fata Talatu da goyonta suna lafiya. Mu nan Birnin Kudu lafiya lau, gero ya fara fid da kai.

Mun ji ka sayi babur, wai a kansa za ka zo watan gobe. Tun da Inna ta ji abin da ya sami sabon malamin gona, barci ya ƙaurace mata. Ya taso daga Gwaram a kan nasa babur ɗin, ya kafe a rafin bayan gonarmu, sai shanun huɗar Baba ne suka jawo shi. A littattafan da nake karantawa, ba haka baƙo yake isowa ba!

Inna ta ce in kai masa ruwan wanke ƙafa zaure. Ni da ba na iya ɗaga ido, sai na ji bakina ya ce, "Malam, yaushe ya dace mutum ya taso daga Fatakwal?"

Ya dubi wandonsa, ya yi dariya. "Ba dai yanzu ba, kin ga shaida."

Ya ce ka bari sai kaka. Lokacin ruwanku ya yi sauƙi, sanyin Jos bai kankama ba, rafukanmu sun janye. Da bazara kuwa zafi zai gasa ka da injin gaba ɗaya.

Don Allah ka jira, ko Inna ta samu barci. Baba yana gaishe ka. Ka sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Idan kana da wata tambaya game da hanya, ka aiko, zan daure in sake tambayar malamin gonar.

Ƙanwarka,
Binta