Ban Sa Hannu Ba, Baba, Bindigarka Ta Dawo Gida

Zuwa ga mahaifina, Malam Illa maharbi ɗan maharbi,

Aminci ya tabbata gare ka a makwancinka. Bayan gaisuwa irin wadda ka koya mini, ta durƙuso ba ta tsaye ba, ina sanar da kai cewa Inna tana nan lafiya in ban da gwiwa, kuma muna nan a gidan da ka bar mu, hawa na tara a unguwar Les Minguettes, gefen Lyon. Shekara huɗu ke nan da rasuwarka. Na ɗauki alƙalami ne a kan maganar bindigarka, don an so a kashe ta, ni kuma na ce ba da hannuna ba.

Tun bara ta fara ba ni kunya a kulob ɗinmu na harbin saiti. Bindigar da take zuba harsashi biyar a rami ɗaya daga mita hamsin, sai ga ta tana watsa su kamar an watsa wa kaji tsaba. Na zargi idona, na je aka sake mini tabarau. Na zargi harsashi, na canza iri. Na daina shan kofi ranar harbi. Duk a banza. Daga ƙarshe na kulle ta a akwatinta, na aika wa kamfanin da ya ƙera ta, wurin gyaransu da ke bayan Paris.

Sati shida ba su ce uffan ba. Da takardarsu ta zo, layi biyar ce. Wai bututun bindigar ya cinye, wai laifin mai ita ne ba nasu ba, wai sun daina yin irin wannan bututun tun tuni. Sai suka yi mini alfarma: in sa hannu a ƙasa su lalata ta, su sayar mini da sabuwa da rangwame. Har da alamar inda zan sa hannun, kada in ɓata.

Baba, na karanta kalmar nan ta laifin mai ita sau uku. Kai za a ce wa ba ka iya riƙon bindiga ba?

Na tuna ranakun Lahadi. Mu dawo daga kulob, ka shimfiɗa jarida a teburin cin abinci, Inna tana mita wai ƙanshin man bindiga yana shiga mata miya. Ka ɗauko tsinken ƙarfen nan da ka goge da hannunka a masana'anta, ka ce irin na Kaka ne wanda yake ɗura wa tasa albarushi a dajin Adar, sai dai naka siriri. Ka naɗa tsumma, ka zura ta baki, ka yi ta kai da komo har sai tsumma ya fito fari. Kullum maganarka ɗaya: "Bindiga ta baki take ci, ta baki ake wanke ta."

Ina 'yar shekara goma sha uku ka miƙa mini tsinken. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Yayyena maza biyu ƙwallo ta ɗauke musu hankali, ka dube ni ka ce to, gado ba ya zaɓen wando ko zane. Tun daga ranar nake wanke ta yadda kake yi. Kocinmu ya taɓa gani, ya ce mini ta baya ake shiga, ba ta baki ba. Na ce masa to, a raina kuwa na ce me wannan ya sani, kakansa ya taɓa harbin ko zomo?

Da na gaya wa Kawu Sahabi a waya, sai ya yi hamdala. Ka san shi, yana nan a shagonsa na La Goutte d'Or a Paris, tsoron komai yake har inuwarsa. Ya ce Allah ne ya kawo mini mafita: mace, baƙa, da ɗankwali, da bindiga, a ƙasar nan, me nake nema? In sa hannu in huta, in kuma bar sabuwar ma. Na ce masa Kawu, lasisina yana aljihu, sunana yana rajista, akwatin ƙarfen da kai Baba ka kafa a bango yana nan da makullinsa. Ba zan sunkuyar da kai a kan abin da doka ta ba ni ba don kawai wani zai harare ni a lif ɗin benenmu. Ya ce taurin kan Illa ne. Na ce na gode.

Na ɗauki hutun kwana ɗaya, na tuƙa mota daga Lyon har can. Na bi ta Aubervilliers, gefen Paris, da gangan, ta gaban rumbunan kayan da ka yi shekara bakwai kana sauke kwalaye kafin mu koma kudu. A nan ka ce ka sayi bindigar nan, ba sabuwa ba, wurin wani tsoho da idonsa ya mutu. Na ce bari ta san ta inda zan zo ɗaukar ta.

A wurin gyaran, wani mai farar riga ya tarbe ni da murmushin da ake yi wa wanda aka riga aka yanke wa hukunci. Ya sake karanta mini takardar a hankali, kamar ba a ƙasar nan na yi karatun lekol ba. Na bar shi ya gama. Sannan na ce ni aikina auna ƙarfe ne a masana'anta, kullum da ido a kan abin da bai kai kaurin gashi ba, don haka ba zan yarda da cinyewar da ban gani ba. A nuna mini cikin bututun. Ya ce ba a saba ba. Na ja kujera na zauna, na ce ina da yini guda.

Suka kawo 'yar kyamarar da ake zurawa ciki. Na ƙura ido a allo, zuciyata tana shirya zagin da zan yi musu.

Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gaskiyarsu ce.

A daidai baki, zanen nan da ke murɗe cikin bututu, wanda yake juya harsashi ya tafi sak, ya shafe ta gefe ɗaya. Ya yi sumul kamar bakin tsohuwar rijiya inda igiyar guga ta ci. Ba harsashi ya yi wannan ba, tsinkenka ne. Ta gefen dama, inda hannunka yake karkata, inda nawa ma ya koyi karkata. Bindigar Kaka ba ta da zane a ciki, ko da tabarya ka wanke ta ba ruwanta. Wannan kuwa bakinta ne ranta, mu kuma muka yi shekara da shekaru muna goge shi da ƙauna. Na ji haushinka, na ji kunya, na ji kewarka, duk a lokaci ɗaya, har na rasa wanne zan fara haɗiyewa.

Amma ban ɗauke ido ba. Na ce a tura kyamarar gaba. Daga gaɓar yatsa ɗaya zuwa can ciki, zanen yana nan garau, da kaifi kamar jiya aka yi shi. Wanda ya kula da shi haka ba sakarai ba ne. Na nuna wa mai farar riga, na ce a yanke wannan ɗan guntun a sake gyara bakin. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce su ba sa yanka, canzawa suke yi, abin canzawa kuma babu. Ya turo mini biro.

Na dubi ƙotar. Wurin da kuncinka ya yi shekaru yana kwanciya ya yi duhu, ya ɗan lotsa, nawa kuncin a nan yake sauka ba tare da na nema ba. Wannan za a jefa a injin niƙa saboda gaɓar yatsa ɗaya? Na mayar masa da bironsa. Na ce laifin namu ne, na karɓa, amma a garinmu gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, a ba ni kayana. Sai da suka kira wani na sama da shi, shi ma ya maimaita karatun, ni ma na maimaita nawa. La'asar ta yi mini a hanya, akwatin yana bayan mota.

A Lyon na sami wata dattijuwa mai lasisin gyaran bindiga, shagonta bai fi ɗakin girkinmu ba. Ta leƙa, ta tambaye ni wa ya koya mini wanki. Na ce babana. Ta ce to ya koya mini tsabta, saura hanya. Kwana tara ta yi da ita, ta yanke guntun, ta sake gyara bakin.

Jiya Lahadi na kwanta a layin mita hamsin. Na yi bisimilla yadda kake yi, a ciki. Biyar na harba. Da takardar saiti ta dawo, babban yatsana ya rufe ramin gaba ɗaya. Koci ya zo ya duba, ni kuwa ban ce masa ya yi gaskiya ba. Wannan sai wani satin.

Da na dawo gida na shimfiɗa jarida, Inna ta fara mitarta. Na zare ƙarfen da ke rufe bayan bututun, na shiga ta can da sanda mai laushi da dattijuwar ta ba ni. Karo na farko ke nan da na saɓa maka da gangan, kuma ina yi ina kuka. Tsinkenka na rataye shi a bango kusa da hotonka, ya yi ritaya. Guntun bakin da aka yanke kuwa, ɗan zobe ne, na zura shi a makullan gida. Duk wanda ya tambaya sai in ce kuskuren babana ne, kuma ba na sayarwa ba ne.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka manya da ƙanana kamar yadda na yafe maka wannan. Ya haskaka kabarinka, ya sa bakinka ya faɗi daidai ranar tambaya. Ni ma ka yafe mini, ta baya zan ci gaba da wanke ta.

'Yarka mai taurin kanka,
Saude