Ba Harsashi Ba Ne, Kaka

Zuwa ga kakana, Mamman Soja na Horo Birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne Garba, ɗan Umarun da ka bari a ciki lokacin da Turawa sunka kwashe ku zuwa yaƙin Bama.

Ba ka san ni ba, amma na daɗe ina cin albarkacin sunanka. Da buhu biyu na fara sayar da albasa a kasuwar Boɗinga, ba wanda ya tallafa mani, yau mota nake cikawa zuwa kudu. Duk wanda ya nemi raina ni, sai in tuna mashi ni jikan wanda ya tari harsashi da ƙirji ne. Haka anka gaya muna.

Ran Laraba na je Shagari duba Gwaggo Hajo, babbar ɗiyarka, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda sunka ga fuskarka. Tana cikin shan kunu ta ce mani ba harsashi ba ne, atuni ne. Wani abokin tafiyarka mutumin Dingyaɗi ya kawo labarin, tana bayan zana tana ji. Kwana tara kana kwance a tanti, ko bindiga ba ka harba ba. Yayanka ya hana a ƙara faɗi, wai ɗan gidanga ba ya mutuwa da gudawa. "Ni dai na gaji da riƙo," in ji ta, ta ci gaba da shan kununta.

Ban yi kuka ba, Kaka. Haushi ma ban ji ba. Na koma rumfa na yi ta ware ruɓaɓɓiyar albasa har la'asar.

Da na gaya wa limaminmu, sai ya ce wanda ciwon ciki ya kashe yana cikin shahidai, harsashin yaƙin Bature kuwa shi bai san mashi wannan matsayi ba. Ashe shekara tamanin muna ɓoyon rabonka.

Shi ya sa na rubuta a nan cikin jarida, inda duk waɗanda na yi wa alfahari za su karanta. Mai dariya ya yi. Ni abu ɗaya ke ta dawo mani: cikin kwana taran nan, ko an sami mai miƙa maka ruwa?

Allah Ya karɓi shahadarka, Ya sanyaya makwancinka a ƙasar da ban sani ba, Ya yafe muna.

Jikanka,
Garba mai albasa.