Tef ɗin Yahuza Mai Gurmi

Kano, Afrilu 2020

Ɗana Alkasim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya kullen can Maleshiya? Mu ma an kulle mu. Da hannu na rubuto aka ɗauki hoto aka turo maka, don ni ba na magana a waya, matse murya take yi ta mai da kowa agwagwa.

Ina aka kwana a maganar tef ɗin da na ba ka? Kai ka ce akwai wani tsoho a can mai injin da zai karanta shi. Shi ne ɗauka ta ƙarshe da na yi wa Yahuza mai gurmi, kuma ba shi da kwafi ko'ina. Lokacin da na fara aiki a kamfanin faifai, motoci layi suke yi a ƙofa ana jiran faifai ya huce a loda. Sai kaset ya zo, masu kwafi suka cika kasuwa. Kafin mu buga na Yahuza an rufe kamfanin, 'yan gwangwan suka ɗora injunanmu a sikeli. Yahuza ya rasu bai ji kansa ba.

Matarsa Sakinatu tana nan da rai, kuma na yi mata alkawari za ta ji muryar mijinta. Tsofaffi suna ta tafiya a garin nan, kullum sai na ji rasuwar wani sa'ana. Ka bar tef ɗin cikin ledojin da na ɗaure shi, kada iska ta taɓa shi.

Naka,
Kawu Halliru

Setapak, Yuni 2020

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da su Baba duka, Allah ya ƙara lafiya. Ka yi haƙuri da shirun, sai yanzu aka sassauta kulle na samu shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Brickfields, inda tsohon yake.

Sunan tsohon Ankul Maniam, Ba'indiye ne. Situdiyonsa na saman wani shagon abinci. Ya ce a da masu goge irin na Turawa cika ɗakin suke yi, har a matattakala wasu ke jira. Yanzu rabin ɗakin mai gyaran waya ne a ciki, kuma mai gida ya ce ya kwashe sauran kayansa kafin ƙarshen Agusta.

Kawu, labarin ba daɗi. Yana kwance leda wari ya buge mu ta cikin takunkumi. Tef ɗin ya yi fumfuna fari fat. Ya dafe kai ya ce wane ne ya ɗaure wannan a leda? Ya ce a ƙasar nan leda gumi take yi. Gaskiya ne kuwa, ko takalmi ka bari a lungu sai ya yi fumfuna, ban dai taɓa kawo tef a raina ba. Ban ce masa kai ne ba.

Ya ce boleh, wato zai iya gwadawa, zai busar da shi ya goge a hankali. Amma sau ɗaya tak zai bi ta injin, don yana tafiya yana ɓarewa. Abin da kwamfuta ta kama a wannan karon shi ke nan. Ba zan sa a taɓa ba sai ka ce.

Ɗanka,
Alkasim

Kano, Yuli 2020

Alkasim,

Na ga saƙonka. Kusan shekara arba'in tef ɗin nan yana cikin leda a saman sif ɗina, ko ɗigo bai same shi ba, ku kuma cikin 'yan watanni ƙasarku ta cinye shi. Wace irin ƙasa ce wannan da iska ma jiƙaƙƙiya ce? Na kwana ina yi maka faɗa a raina, da gari ya waye na rasa laifinka. Ka gaya wa tsohon ni na ɗaure, ba sai ka rufa mini asiri ba.

Ka ce ya kunna. Amma ka faɗa masa wannan: mu ƙarshen tef muke bari a waje, farkonsa yana can ciki. Kada ya ɓata tafiya ɗayan nan wajen mayar da shi baya. Ya ɗauke shi a juye kamar yadda yake, ku daidaita a kwamfutarku.

Ku hanzarta. Sakinatu ta kwanta, ko koko ba ta iya shanyewa. Jiya ta aiko a tambaye ni, na ce ana kan aiki. Wallahi na gaji da faɗin wannan kalma.

Kawunka

Setapak, Agusta 2020

Kawu,

Barka da war haka, da fatan mai jiki da sauƙi. An yi aikin jiya da hantsi.

Da na karanta wa Ankul bayaninka sai ya yi dariya ya ce a gaida injiniya, ya ce rabonsa da wanda ya san wannan tun kafin a haife ni. Ya ɗora tef, ya danna. Kawu, ina tsaye ina kallon shafen nan ruwan ƙasa na jikin tef ɗin yana zuba a kan injin kamar garin barkono. Ba abin da ke fita sai shuuu. Can ka ji gurmi ya leƙo, kafin ka gane waƙar ya nutse. Ankul bai ɗago kai ba.

Sai da aka kusa can cikin naɗin, wato farkon ɗaukar, sauti ya fito tas, don fumfunar ba ta kai can ba. Da muka juya shi a kwamfuta, ba waƙa ba ce. Yahuza ne yana ɗaura tsirkiya, ya yi tari, ya ce: "Halliru, ka hanzarta don Allah, na ce wa Sakinatu ba zan wuce la'asar ba." Sai kai ka ce, "To, bismilla." Ya kaɗa kaɗan, daga nan shuuu. Bai kai minti ɗaya ba. Na turo maka shi.

Waƙoƙin duk sun tafi, Kawu. Ban san yadda zan ba ka haƙuri ba. Ankul ya share injin ya rufe da zani, ya tambaye ni ko na san mai so ko kyauta ne. Ban san kowa ba.

Ɗanka,
Alkasim

Kano, Agusta 2020

Alkasim,

Ya iso. Wannan gutsuren shi muke yankewa da reza mu zubar kafin a buga faifai. Na daɗe zaune ina jin kunyar kai mata shi, daga baya dai na sa takunkumi na tafi.

Na tarar da ita a kwance. Na ce mata waƙoƙin sun lalace, ga abin da ya rage. Aka kara mata waya a kunne. Da ya ambaci sunanta sai ta buɗe ido ta ce, "Ƙarya yake yi. Ranar sai bayan isha ya shigo, tuwo ya huce." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Na miƙe zan tafi, ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce a sake sa mata. Na baro su ana sakewa.

Ka gaishe mini da tsohon. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka Halliru