Mun Share wa Iya Kudo Ƙofar Gida

Zuwa ga Yaya Michie,

Gaisuwa mai yawa daga ni da maigidana Tadao, da fatan ke da mutanen Kagoshima kuna lafiya. Allah ya sa gwiwar nan taki ta yi sauƙi. Lemun da kika aiko ya iso, na gode ƙwarai. Kin yi ƙorafin na yi shiru. Ba mantuwa ba ce, kunyar abin da zan rubuta ce ta hana ni.

Wata uku ke nan da coci ta turo mu wannan ƙauyen na arewacin Hokkaido, mu tsofaffi biyu masu ritaya. Masu zuwa ibada bakwai ne, har da mu. Kin san Tadao da son aikin lada a ɓoye. Tun da aka fara dusar ƙanƙara ya sayi shebur, ya ce idan mutane ba su son wa'azin baki, sai ya yi musu na hannu. Gidan da ke kallon namu na wata tsohuwa ce, Iya Kudo, shekararta tamanin da huɗu, ita kaɗai take zaune. Kullum da asuba sai ya lallaɓa ya share mata ƙanƙarar da ta taru a ƙofa tas kafin kowa ya tashi. Ni ce ma nake tashinsa, ina ba shi shayi, ina jin daɗi a raina wai muna aikin Ubangiji.

Ashe a nan kowane tsoho shi yake share ƙofarsa da kansa, ko da taku biyu ne kawai zai iya sharewa. Da haka maƙwabta ke sanin ya kwana lafiya. In ƙarfe bakwai ta yi ƙofa ba a share ba, sai a je a ƙwanƙwasa. Ba wanda ya gaya mana, mu ma ba mu tambaya ba. Ranar Talatar makon jiya Iya ta zame a ɗakin girki, ƙugunta ya karye. Laraba Tadao ya share, Alhamis ya share. Duk wanda ya wuce sai ya ga ƙofa fes, ya yi gaba. Kwana biyu tana kwance a ƙasa, murhu a mace, sai da mai kawo kananzir ya leƙa ya gan ta. Yaya, ina kallon gidan nan ta tagarmu duk kwana biyun.

Na je asibiti na durƙusa na faɗa mata mu ne. Ta yi dariya, ta ce ai ta daɗe da sani, kullum tana leƙen mijina ta labule, yana riƙe shebur kamar mai riƙe cokali. Ta ce sau uku tana shirin hana shi, sai ta ga baƙo ne, ga tsufa, ga ƙoƙari, ta ji nauyin ta kunyata shi. Har haƙuri ta ba ni, wai ta sa mu cikin damuwa. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Abin da take roƙo ɗaya ne, a mayar da ita gidanta. Amma ɗanta ya zo daga Sapporo, ya ce tun da garin nan za a iya barin uwarsa kwana biyu a ƙasa, ba za ta ƙara kwana a ciki ba. Tadao ya sunkuya masa, ya ce laifinsa ne shi kaɗai, kada a ɗora wa gari. Ɗan ya saurare shi da ladabi, amma bai canza magana ba. Jiya aka tafi da ita gidan tsofaffi.

Yau da safe ƙanƙara ta rufe ƙofarta har gwiwa. Tadao ya je wurin mai unguwa, Malam Narita, ya tambaye shi ko ya halatta ya share. Mai unguwa ya dube shi, ya ce yanzu kam ya share iya son ransa, ba kowa a ciki.

Ki gaida Yaya Shozo da Kinue da jikoki. Ki sa mu a addu'a, musamman Tadao, ba ya iya cin abinci.

Ƙanwarki mai kewarki,
Harue