Motar Baba Ta Kwana a Rogo

Laraba da dare, Kafin Dafga

Yau motar Baba ba ta kwana a gida ba. Tun rasuwarsa ba a taɓa haka ba.

Kullum da sassafe in na tayar da ita sai ta yi ta karkarwa, silo, wato aikin injin tana tsaye, yana hawa yana sauka kamar za ta mutu. Amma kafin in isa Rogo wurin bakanike ta yi zafi, ta zauna lafiya lau, ta mayar da ni maƙaryaci. An canja fulogi, an wanke nozul, duk a banza.

Yau dai bakaniken, Malam Sani, ya ce, "Malam, ciwon sanyin safiya ba a gane shi da rana. Bar ta ta kwana a nan, in ji ta da kunnena da safe." Yana zargin sensar da ke auna zafin ruwa, ko wata tiyo da ke shan iska.

Da na dawo, Inna ta leƙa ƙofar gida ta ga wurin wayam. Ta ce, "In an gyara, shi ke nan ta daina?" Na ce in Allah ya yarda. Ta ce, "To," ta koma ɗaki.

Sai yanzu na gane. Baba bai taɓa kiran abin nan ciwo ba. In ya dawo daga masallaci yakan tayar da ita, ya tsaya yana jan carbi, ya ce a bar ta ta gama gaisuwar safe. Da wannan ƙarar Inna take sanin lokacin ɗora koko ya yi.

Gobe wani za ta gaisar. Kuma ni da hannuna na kai ta a rufe mata baki.