Sunan Garin Iya Kande

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah ta kai miki kabari, ɗanki ne daga Jidda. Har yau dako nake a tashar jirgin ruwa, gwiwoyi sun fara gajiya.

Kwanan baya wani baƙar fata, kukun jirgin Amurka, ya zauna shan shayi da mu. Da guntun Larabcinsa ya ba mu labarin yadda ƙasarsu ta taɓa rabewa biyu a kan bauta, wa da ƙane suka ɗaga wa juna bindiga. Shugabansu ma sai da ya yi jan ƙafa, ya yi ta canza sarakunan yaƙi, amma bai janye ba, har abin ya ci ransa. Sai ya tambaye ni wa ya yi wa bayin ƙasarmu yaƙi. Na sunkuyar da kai, Inna.

Kin tuna Iya Kande, baiwar gidanmu da ta goye ni. Baba ne madugun ayarinmu na hajji. Da guzuri ya ƙare a nan, ya sayar da ita. Ba zan ci zalinsa ba, da kuɗin ya ciyar da mutane. Amma akwai malamai da dattawa a ayarin, ba wanda ya ko yi tari. Ke kuma kika ce min, “Daina kuka, aike ta tafi.”

Yanzu hukumar ƙasar nan ta ’yanta bayi, halas, wato shi ke nan, ba ko harbi ɗaya. Na same ta a unguwar Kurayyat bakin wani kango, ido ya tafi. Da muryata ta gane ni. Na kai ta ɗakina a unguwar Sa'alaba, ta ƙi hawa katifa, wai ba ta zama sama da ɗan ubangijinta.

Ba ta zage ku ba. Abu ɗaya take so: a binne ta a garin da aka kamo ta tana ƙarama. Sunan ya ɓace mata. Ke kin sani, Inna, Kaka ta gaya miki, kuka ɓoye don kada ta gudu. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko na tuna.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya sassauta miki tambaya a kanta. Ni dai gobe ma zan ce mata ban sani ba.

Ɗanki,
Mamman